Tsoho Mai Malafa a Rumfar Baba Ja'afaru

Shekara talatin ke nan Baba Ja'afaru yana dafa shayi a wani ƙauye kusa da Bagwai. Da damina yana gonar gero, da rani yana bakin tukunya. Bai yi boko ba, amma duk sanda ya kai wake kasuwar Dawanau, sai ya dawo da kalanda mai hotunan mazan jiya. Bangon rumfarsa ya cika maƙil da 'yan siyasar farko da malamai da makaɗa, har da 'yan dambe. In ya fara ba ka labarinsu, sai shayinka ya huce.

Amma hoto ɗaya kawai ya sa wa gilashi, na wani tsoho mai malafa, riga duk taɓo. Shi yake fara gogewa kowace safiya.

Rannan sabon malamin firamare, Malam Kamaruddeen, ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Baba, duk na gane sauran. Wannan fa? Ban taɓa ganinsa a littafi ba."

Baba Ja'afaru ya yi dariya har ya kusa zubar da madara. "Ina za ka gan shi? Badaru mai haƙar rijiya ke nan. Gaba ashirin ya nutsa a ƙasa kafin matan garin nan su huta da zuwa rafi."

Ya tura masa kofi ya ce, "Waɗancan labarinsu nake ji a rediyo, Malam. Wannan kuwa, ruwansa kake sha."