Allura da Ruwan Shuka

Shekarar da aka gano ciwon sukari a jikin maigidana, majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin Dungas, ni ya danƙa wa allurar sukarin, don na yi lakwal, wato boko, har koleji, ina iya karanta awo. Na riƙe aikin hannu bibbiyu. Na hana shi fura, na hana shi shayi, na rage masa tuwo har ya koma kamar na ɗan yaye. Cikin 'yan makonni sukarin ya faɗo, ina ta hamdala.

Sai ƙafafunsa suka kama wuta. Ba kumburi, ba rauni, amma ko bakin zane ya taɓa su sai ya cije leɓe. Ruwan alwala ma ji yake kamar tafasasshe. Da muka koma, majo ya ce hakan yakan faru in sukarin da ya daɗe a sama ya sauka da gaggawa, jijiyoyi ne ke ƙuna. Ya ba da ƙwayoyi, ya rage allurar, ya ce kada a daina, zai lafa amma sai an yi watanni. Bai ce laifina ba ne. Ni dai na ji a jikina.

Ana haka ruwan shuka ya sauka. A wurinmu mai shuka ba takalmi yake bin ramin sungumi, ya jefa iri, ya rufe da diddige. Malam ya yi layi biyu ya zauna a ƙasa, ya riƙe ƙafa.

Washegari da safe na ɗauko allura, ya ja riga ya rufe cikinsa.

"'Yar lakwal, ajiye abin nan. Da ƙafata na je asibitinku, ga yadda kuka mayar da ni."

"Malam, majo ya ce in ka daina..."

"Majo albashi gare shi. In laima ta wuce, me za ki tuƙa mana, takardar awo?"

"Ƙannenka za su shuka mana."

"In sun gama nasu, ƙasa ta bushe."

Na haɗa shi da Allah da Annabi. Ya ce sai bayan shuka. Na ajiye allurar.

Kwana biyar bai karɓa ba. Zafin bai ragu ba, ƙishirwa da yawan fitsari kuma suka dawo. Da rarrafe ya shuka gonar, ina gaba da sungumi, yana rufe ramuka da tafin hannu. Rana ta shida ya faɗi a bakin gona, aka ɗauke shi zuwa babban asibitin Magariya.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya dawo yana ɗaga mini riga ba musu, ba ya ko kallona. Daminar nan bai sake taka gonar ba.