Tsoho Mai Koren Wake

A bakin kasuwar Mubi, Tabitha malamar gona ta tsaya tana kallon wani tsoho da ba ta sani ba. Yana tsugune gaban buhun da ya shimfiɗa, sanye da tsohuwar kwat, ƙafafunsa duk ƙasa, kamar daga ƙauyen Bahuli ya tako. Koren wakensa ya fara yaushi. Yana yayyafa masa ruwa, yana mayar da masu tabo ƙasa.

"Baba, ba ka da ganye?" in ji Tabitha.

"Da ina da shi, 'yata. Kabejin nan mai ganye zalla, kullum a tsinka a yi miya, ya sake tohowa. Wata malama a rediyo ta ce wake ya fi kasuwa, sai na tumɓuke. Shi kuwa wake lokaci ɗaya yake zuwa, ba ya jira."

Tabitha ta san muryar wa ya ji: tata ce, ita da ba ta taɓa noma wake ba. Ta sayi kashi uku, tana magana ƙasa-ƙasa kada ya gane ta, shi kuma yana ta sa mata albarka.