Dakta Balaraba da Haƙoran Amana

Haihuwa

A wata ranar Laraba ta shekarar 1961 aka haifi Balaraba a unguwar Dutse Uku da ke Jos, ga Malam Abdulfatah tela da maiɗakinsa Salma, mai sayar da asuwaki.

Karatu da Aure

Ta yi firamare da sakandare a Jos, ta kammala karatun likitan haƙori a 1988, sannan a 1990 ta auri Alhaji Ashraf, mai motocin haya a Titin Bauchi.

Aiki da Jarrabawa

A 1996, a asibitin da take aiki, ruwan bilic da ake wanke ramin jijiyar haƙori da shi ya zarce cikin dasashin wata yarinya, fuskarta ta kumbura suntum. Al'amarin ya tsaya wa Dakta a rai, ta ƙudurta gwada ruwan ganyen dogon-yaro da kanumfari, ko za su kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ƙona nama ba. Gwajin kuwa ba ya yiwuwa sai da haƙoran da aka cire, alhali jama'a sun saba ƙunshe nasu su je gida su binne. Da ta fara roƙo, sai raɗe-raɗi ya bazu wai tsafi take yi. Marasa lafiya suka janye, wasu ko gaisuwarta ba sa amsawa, mutuncin gidansu ya kusa zubewa.

A 1998 Baba Dantong, tsohon ma'aikacin kuza kuma maƙwabcin mahaifinta, ya zo aka cire masa turmin haƙori, ya damƙa mata a bainar jama'a, ya ce, "Tun kina goye na san ki. In kin gama, ki binne mini." Daga nan mutane suka biyo baya. Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri.

Ƙarshen Rayuwa

Bayan shekaru tana bincike, ta bayyana ba ɓoye-ɓoye cewa ganyen yana taimakawa, amma bai kai ya maye gurbin bilic ba tukuna. Kowane haƙori kuwa sai da ta binne shi da hannunta a gindin dogon-yaron gidanta.

Ta rasu a watan Sha'aban na 2023, aka yi jana'izarta a Jos, inda masu giɓi suka cika layin gidan maƙil. Ta bar 'ya'ya uku: Ibrahim, Abdulfatah, da Dakta Ummusalma, wadda har yau ake kawo wa haƙora, kuma a gindin bishiyar nan take binnewa. Allah ya jiƙanta da rahama.