Fuskata ga Rumbu

Wata safiyar kaka ce, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, Kawu Idi ya tara mu yara a tsakar gida, a ƙauyenmu kusa da Birnin Lalle. Gobe kasuwar Dakoro, amalankensa kuma ya cika da buhunan gero, wurin yaro ɗaya ya rage. Ya ce wanda ya kai aike gidan maƙeri bai zubar da komai ba, shi zai hau. Ni ban taɓa ganin Dakoro ba.

Sunana a gida Mantau. In aka aike ni karɓo gishiri, sai in dawo da labarin ƙadangare. Ran nan ma Kawu na faɗin aiken, idona na kan wata akuya da ke neman tsinke igiya. Ya ce in maimaita. Na ce, "A gaida maƙeri." Iyakar abin da na kama ke nan. Yara suka fashe da dariya, Kawu ya ce, "Kan wanga kwando ne."

Kakarmu Gwamma tana sussukar gero a gefe. Ta aje taɓarya ta ce, "Idi, yaron da ya san tabon kowace akuya a garin ga ba mantuwa gare shi ba. Kana magana ba ya nan." Ta kamo kunnena, ta kai ni gindin rumbu, ta manna hancina da laka. Babu akuya, babu kaza, sai ƙamshin ƙasa. Ta ce, "To, faɗi mishi yanzu." Kawu ya faɗi, yana dariya: ƙotar hauya ta tsage, a wasa lauje, a maido igiyar guga da aka ara, sannan a tambayi jikin uwargidan maƙerin.

Na ruga. Na wuce 'yan langa ban tsaya ba. A gaban maƙeri na juye saƙon duka, har da tarin da Kawu ya yi a tsakiya. Washegari ni ne bisa buhuna, ƙafafu na reto, ina ɗaga wa kowa hannu har da jakuna.

Na sha fari da tafiye-tafiye bayan haka, boko kuwa ban yi ba. Yanzu salula ke kai aike, jikokina ba wanda ke gudu da magana a baki. Mushensu na lakwal, wato malamin makarantarsu, ya ce ƙaramin ba ya riƙe karatu. Na so a ce Gwamma na da rai ta je ta ga inda yake zama a aji.