Shanun Laka a Gindin Tsamiya

Jiya da aka ɗauke ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka ya shigo mini har ɗaki, sai ga ni na koma ƙauyenmu na wajen Dauran, ina ɗan shekara biyar.

Ka san yaran ƙauye, da an sha koko sai waje. Gindin wata tsamiya muke taruwa, kusa da kududdufi. Kakata tana zama can gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta shiga faɗanmu. Mu daku, mu yi kuka, mu shirya da kanmu. A nan na koyi jiran layi da raba ƙuli ɗaya gida huɗu.

Akwai wani ɗan Fulani, sa'ana, da uwarsa ke bari wurinmu in ta shiga gari da nono. Hausarsa ba ta nuna ba, amma kai, hannunsa! Shi ke gina mana shanun laka, har da tozo da ƙaho. Kowa yana son zama kusa da shi, ni kuwa na fi kowa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ƙarshen damina, ba abin da manya ke zance sai alƙali. Mu ma muka ƙirƙiro wasan alƙali. Na naɗa ɗankwalin Kaka, na hau turmi. To, wa za a kawo ƙara? Muka zaɓe shi, don shi ne ba zai iya gardama da Hausa ba. Muka ce ya saci saniya, saniyar da ya gina da hannunsa. Da farko dariya yake yi. Da na ce an kore shi daga wasa, yara suka ɗauki ihun "ɓarawo", sai ya ajiye lakar hannunsa, ya je bakin hanya ya tsaya jiran uwarsa.

Ran nan Kaka ta sa baki. "Yaron ga mi ya yi maka? Tashi ka ba shi haƙuri."

Na turo baki na ce sai gobe.

Gobe yaron bai zo ba, jibi ma haka. Ran na uku na ɗauki saniyar lakarsa, Kaka ta kama hannuna har rugarsu. Muka tarar sun tashi, sai turaku da toka. Na tsuguna da saniyar a hannu ina kuka, ba ta lallashe ni ba.

Yau ina garin Kaura da iyalina. Ɗana shekararsa biyar, ko ƙofar gida ba na barinsa shi kaɗai, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Bai taɓa wasa da ɗan Fulani ba. Jiyan nan na ɗebo laka na gina masa saniya, ƙahon ya ƙi tsayawa. Ya ce, "Baba, wa ya koya maka?"

Na ce wani abokina ne. Ya ce, "Yana ina?"