Ofishin da Hajiya ta gani a Batumi

Jiya muna cin abinci a gidanmu na Wakra, kakata Hajiya ta dubi Baba ta ce, "Wai ofishin nan na Batumi, ba ka nema wa ƙaninka aiki ba?"

Baba ya ƙware.

Da muka je hutu birnin Batumi, ya kama mana otal mai araha, ashe ƙasansa gidan caca ne. Kunya ta sa ya ce mata ofis ne. Kwana huɗu tana yi wa 'yan cacar sannu da aiki.

"Hajiya, ba sa ɗaukar baƙi."

"Ka dai gwada. Har tsofaffi na gani a kan na'ura."

Yanzu ta ce ni zan rubuta takardar neman aikin. Don Allah, me zan rubuta?