Yashin da Babu a Rijiyar Garo

Bazara ce mai tsanani, shekarar da rijiyoyin unguwarmu suka ƙafe tun kafin azumi. Har yau ranar da muka haƙa burtsatse a ƙauyenmu, gefen Garo, ba ta fita daga raina ba.

Aikina a wurin masu haƙar ba mai yawa ba ne. Duk mita uku da injin ya nutsa, sai in ɗebi ƙasar da ya tofo in ƙulle a leda, in rubuta zurfin a jiki. Rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci shi ya samo mini aikin.

A Madadi, inda muka haƙa wata kafin tamu, na haddace jerin: jar ƙasa, marmara, yumɓu, yashi mai danshi, sannan dutse. A yashin nan ruwa yake kwana. Shi ya sa na ce wa matan unguwarmu su kwantar da hankalinsu.

Ranar, daga yumɓu sai garin dutse, fari fat, busasshe. Na jera ledojin na sake jerawa. Na ɗauka na tsallake ɗaya.

Na sami Injiniya Rabi, mai duba mana ƙasa, na ce, "Ranki ya daɗe, na ɓatar da ledar yashi."

Ta murza garin a yatsunta. "Inna, ba ki ɓatar da komai ba. Yashin ne babu. Ko bai taɓa kwanciya a nan ba, ko ruwa ya kwashe shi tun babu ɗan Adam. Tsakanin ledojin nan biyu akwai zamani mai tsawo da bai bar shaida ba."

"To, ruwan fa?"

"Sai in mun dace da tsaga a dutsen."

Kwana biyu muna ci gaba da haƙa dutsen, ba mu dace ba. Da ana naɗe kaya, Iya Talatu maƙwabciyata ta ce, "Ke mai biro, ko a ledarki kika ƙulle ruwan?" Aka yi dariya, gajeriya.

Tun daga nan ban ƙara yi wa kowa alkawari da abin da na gani a wani gari ba. Washegari da sassafe na ɗauki jarkata, na bi bayan Iya Talatu zuwa rafi, muka tona yashi da ƙoƙo.